Sukudireba Ba Makullin Tarakta Ba Ne

A farkon daminar nan aka kira ni wani ƙauye in duba wata Massey Ferguson 375 da ta taka yaron direba. Ƙafarsa ta karye wuri biyu, har yanzu yana kwance. Allah Ya ba shi lafiya.

Na san taraktar. Mai ita ya taɓa kawo mini ita, in an murɗa makulli sai a ji ƙas, wani lokaci ma shiru. Da na auna, batir na ba da bolt 12 ɗinsa lafiya lau, amma wutar ba ta isa ƙaramin kan solanoid, mai lamba 50. Suwicin firi ya ci tsatsa, wayarsa ta bushe tana farfashewa. Na ce, "Alhaji, a canza su." Ya ce kuɗin ya yi yawa, ga masu haro suna jira. Ya kai ta wurin wani mai kiran kansa rewaya, shi kuwa ko mita bai ɗauko ba. Ya koya wa direba ya riƙa haɗa babban kan solanoid da ƙarami da sukudireba, ya karɓi kuɗinsa.

Ran da abin ya faru a giya aka bar ta. Yaron ya tsaya a ƙasa, daidai gaban babbar tayar baya, ya zura sukudireba. Injin dizal ba ya shawara, yana kamawa ta yi gaba. Da na leƙa, kawunan solanoid duk sun narke sun yi baƙi saboda tartsatsi.

Jama'a, in ka haɗa kai da kai ka tsallake suwicin firi ke nan, shi ne kuma abin da ke hana ta tashi a giya. Daga kan kujera ake tayar da tarakta, giya a firi.

Ku kuma 'yan uwana masu sana'a, ku ji tsoron Allah. Ku daina yanke suwicin nan kuna murɗe wayoyin da salatif. Ku cire negetif ɗin batir kafin sifana ta kusanci kik. Siririyar wayar rediyo ba ta aikin solanoid, zafi take yi. In mai tarakta ya ƙi gyara, ku bar shi ya tafi, amma kada ku koya wa yaran mutane haɗin sukudireba. Wallahi duk direban da na sake gani da ita a gefen kik, a gaban maigidansa zan ƙwace ta.