Ƙasa Ce Ke Ba Amfanin Gona Ɗanɗano

Manoma, mu lura. Masu sayen gahawa sukan tambayi inda aka noma ta. Ta Harar da ta Sidama duk daga Habasha suke, amma ɗanɗanonsu ya bambanta, domin ƙasa da ruwa da sanyi ba ɗaya ba ne.

Haka albasarmu take. Irin Galmi da muke nomawa a Madawa da Buza da Keita ya yi suna har Gana saboda yajinsa. Farar wuta ta cikin ƙasa tana ƙara wa albasa yaji. Yawan takin zamani kuwa yana ruɓar da ita a rudu.

Saboda haka, kada mu gauraya iri. Mu daina ban ruwa mako 2 kafin cira. In suna ya ɓaci, farashi zai faɗi.