Darasin Lafiya: Rashin Ganin Nesa da Rashin Ganin Kusa

Ya ku iyaye, idan yaro yana tsuke ido in ya dubi allon aji, ko yana kwafar rubutu daga littafin na kusa da shi, kada a yi saurin ce masa daƙiƙi. Mai yiwuwa allon ne ba ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2019 cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu da an iya kare su ko a yi musu magani. Da yawa tabarau kawai suke bukata.

Yadda ido ke gani

Haske yana shiga ta gaban ido, ya ratsa wani ɗan madubi da ke ciki, sannan ya taru a kan tantanin da ke can bayan ido. Tsawon idon babba daga gaba zuwa baya kamar milimita 24 ne. In hasken ya taru daidai a kan tantanin, sai a ga abu garau. In ya taru a gabansa ko a bayansa, sai a gani dishi-dishi.

Rashin ganin nesa

A nan idon ya ɗan fi tsayi, don haka hasken yana taruwa kafin ya kai tantanin. Mai wannan matsala yana karatu da zura zare a allura lafiya lau, amma a tashar Kejetia ba ya iya karanta sunan garin da ke jikin mota sai ya zo dab da ita. Yawanci tana farawa a shekarun makaranta, tana ƙaruwa yayin da yaro ke girma, kuma ana gadonta. Tabaraun da ke gyara ta yana da alamar ragi (−) a takardar likita.

Rashin ganin kusa

A nan idon ya ɗan gajarta, hasken bai gama taruwa ba ya isa tantanin. Yaro yakan tilasta wa idonsa har ya gani, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba. Alamominta su ne ciwon kai bayan karatu, murza ido, da gudun littafi. Wani lokaci ido ɗaya yakan karkata zuwa hanci. Tabaraunta yana da alamar ƙari (+).

Akwai kuma ta manya. Daga wajen shekara 40, madubin cikin ido yana ƙagewa, sai mutum ya riƙa nisanta waya ko Alƙur'ani daga fuskarsa kafin ya karanta. Wannan na shekaru ne, kowa zai same shi.

Gwajin da za ku yi a gida

1. A wuri mai haske, ku tsayar da yaro nisan mita 6, wato kamar taku 8 na babba.
2. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ba tare da dannawa ba.
3. Ku nuna masa rubutu ko zane wanda mai lafiyar ido ke gani daga wurin.
4. Ku sake da ɗaya idon.

In ya kasa, ko ido ɗaya ya fi ɗaya gani, ku kai shi a auna. Rashin iya karatu ba ya hana awo: akwai allon da mutum ke nuna inda harafi ya fuskanta da yatsa kawai.

Inda za a je

Ku fara da ma'aikacin lafiya mafi kusa, shi zai ba ku takardar turawa. A Kumasi akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Katin inshorar lafiya na NHIS yana biyan awon ido, amma ba ya biyan kuɗin tabarau, don haka ku tambayi farashi tun kafin a haɗa.

Abin kiyayewa

Tabaraun karatu da ake sayarwa a kasuwa na manya ne. Kada a saya wa yaro, kada kuma a ari na wani, domin kowane ido da awonsa. Sa tabarau ba ya lalata ido. Kada a ɗiga nono, ruwan sukari ko ruwan ganye a ido. Ba sa canza tsawonsa, sai dai su jawo ciwo. Ku bar yara su yi wasa a waje kamar awa 2 kullum, yana taimakawa wajen kare su daga rashin ganin nesa.

In gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ido ya yi ja da zafi, ko kuka ga fari a tsakiyar baƙin idon jariri, ku tafi asibiti a ranar. Yaron da idonsa ya karkata kuma a kai shi tun yana ƙarami, kafin ya kai shekara 7, lokacin da magani ya fi yin aiki.