Kafin A Ce Sun Shigo

Ɗana, tunda nauyin gidan nan ya dawo wuyanka, akwai maganar da nake so ka zauna ka yi da iyalinka. Da rana tsaka za ka yi ta, an ci an ƙoshi, hankalin kowa kwance, ba sai dare ya raba ana jin rugugin babura daga yamma ba. Na san an ɗan samu sarari. Tun zaman sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2025 mutane da yawa sun koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba, Allah ya ɗorar. Sai dai ni da kai mun ga na 2019, lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya bi ƙananan hukumomin bakin dajin Rugu ya zauna da mutanen daji, aka yi musayar waɗanda ke tsare, aka ɗauki hotuna. Shekara ba ta zagayo ba, shi da bakinsa ya ce sun ci amana. Ba baki nake yi wa sulhu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ke nan.

Za ka tarar da masu cewa irin wannan magana fatan tsiya ce, ko ƙarancin tawakkali. Kada ka yi musu da su da zafi, tsoro ne ke sa mutum ƙin jin sunan abin. Ka dai tuna musu yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bar Makka. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu tun kafin ranar, an ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, Asma'u 'yar Abubakar ta haɗa guzuri, ɗan'uwanta Abdullahi yana kai labarin abin da ake ƙullawa a gari, makiyayi yana biyo bayansa da tumaki don sawu ya ɓace. Ba wanda ya kai su dogaro ga Allah, amma kowa ya san aikinsa tun kafin a fita. Abin da nake nema a gidanka ke nan, kuma ya fi duk kayan da za ka tara.

Ka tuna shigar da aka yi wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020. Mutum 30 aka rasa, aka ƙona gidaje da abinci, kuma da yawa cikin waɗanda abin ya rutsa da su tsofaffi ne da ƙananan yara, waɗanda ƙafa ba ta iya fitar da su ba. Ba wanda ke barin nasa don ba ya so. Idan bindiga ta tashi, jiki ke riga hankali fita. Uwa ta ɗauka uba ya ɗauki yaron, uba ya ɗauka yana wurin kakarsa, sai an kai bayan gari an fara ƙirga a ga babu ɗaya.

Don haka ka raba mutanen gidanka, kowa da suna. Mai goyo an san ta da na bayanta da wanda za ta ja a hannu. Na ukun fa, na wa ne? Ka faɗi wanda zai ɗauke shi a gaban kowa, shi ma yaron ya ji da kunnensa. Gidanka na mata biyu ne, to a nan sai ka yi hattara: kada a raba yara bisa ɗakin da aka haife su, a raba su bisa ɗakin da suke kwana. Wadda ɗan abokiyar zamanta ke kwance kusa da ita, nata ne a daren nan. Wannan ba zai yiwu ba idan ana gaba a tsakar gida, saboda haka in akwai wata 'yar tsama, gyaranta ma yana cikin shirin. Kai kuma ba kullum kake ɗaki ɗaya ba, wani daren ma ba ka gari, kuma sau da yawa maigida ake fara nema. Duk abin da ka sani, uwargida ta san shi, amarya ma haka.

Sai maganar tsohuwarka. Gwiwar nan tata ba ta kai ta bakin rijiya sai ta huta, balle gudun dare cikin kunyoyin gona. Na san abin da za ta ce: nan aka kawo ta tana amarya, nan aka binne mijinta, ba inda za ta. Kada ka ambata mata gudun hijira. Ka ce ta zo Katsina ta ga jikokinta, ta kwana biyu, a duba ƙafar a asibiti, wanda dama ya kamata a yi. Da an fara jin ƙishin-ƙishin, ita da mai tsohon ciki su ne za su fara tafiya, da rana, a mota, cikin mutunci. In labarin ya tashi a ƙarya, kuɗin mota kawai aka yi asara. In kuwa ta ƙi ƙememe, to samari biyu ne nata, ba ɗaya ba, kuma su san bargon da za su ɗauke ta a ciki.

Gidajenmu ƙofa ɗaya muke yi musu, ta zaure, saboda sutura, kuma ta nan ake shigo mana. Ka duba bayan gida inda za a iya buɗe danga, ko a rage katanga yadda mace mai goyo za ta haura. Sannan ka bi hanyar da ƙafarka, da damina da kuma rani, don ba ɗaya ba ne. Da damina gero da dawa sun rufe mutum, amma rafin da kake tsallakewa ƙafa a bushe a watan Maris yana iya cin babban mutum a Agusta. Bayan girbi kuwa fili ne fetal, ko da farin wata ana hango farar riga daga nesa. A tsayar da wurin haɗuwa biyu: ɗaya kusa, wata kuka ko wani dutse da ko yaro ya sani, ɗaya kuma gidan wane a cikin Batsari ko Safana ko Dutsin-ma, idan an watse gaba ɗaya. Maganar nan ta cikin gida ce, ba a kai ta teburin mai shayi. Kowa ya san ɓarnar da infoma suka yi mana, kuma ba daga wata uwa duniya suke zuwa ba.

Yara ba da tsoratarwa ake koya musu ba. Bayan sallar isha, ana hira, sai ka jefa: wa zai faɗi sunan babansa da na kakansa? Sunan garinmu fa? Wa ya riƙe lambar baffa? Yaron da ya haddace izu biyu lambobi 11 ba za su gagare shi ba. A hankali su san cewa in an tashe su cikin dare ba a tambaya, ba a kunna tocila, kuma takalmin kowa a bakin shimfiɗarsa yake kwana. Kada ka raina takalmi. Ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, da yawansu ƙafa ba takalmi aka gan su ranar da suka dawo, bayan tafiyar daji ta kwanaki.

Waya kuma kada ka jingina mata komai. A Satumbar 2021 aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Batsari da Safana, aka shafe watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. A farkon 2023 kuma canjin kuɗi ya nuna mana mutum yana iya samun kuɗi a banki ya rasa na mudun masara. To a rubuta lambobin da suka zama dole a takarda, a naɗe a leda. A ajiye rediyo mai batir. Kuɗi ƙanana, na mota da na abincin kwana biyu, a raba su hannu uku, kada su taru a aljihunka kai kaɗai.

Abin ɗauka ƙunshi ne, ba akwati ba, wanda mace za ta ɗora a ka ta yi sauri da shi. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, gishiri da sukari, ashana, gorar ruwa, zane biyu, rigar sanyin yara. Maganin hawan jinin tsohuwa na sati biyu, ana sabunta shi kada ya lalace. Gishiri da sukarin nan ba na ɗanɗano ba ne: yaro in ya kama gudawa a hanya, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a kai asibiti. Kowane babba kuma ya san rauni mai zubar jini danne shi ake yi da tsumma mai tsafta, da ƙarfi, ba a ɗagawa don leƙe, ba a zuba masa ƙasa ko toka. Takardu su ne abin da aka fi mantawa kuma aka fi kuka da su daga baya: katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardar gona, shaidar makarantar yara, katin rigakafi. A yi musu kwafi a bar wa ɗan'uwa a birni. Tunda na ambaci rigakafi, a kai yaran a cika musu tun yanzu. Inda aka cunkushe mutane a ajin firamare, ƙyanda da amai da gudawa ba sa jira, kuma su ke buɗe wa tamowa ƙofa. Ba banza ba ƙungiyar likitoci ta MSF take karɓar yara masu tamowa a Katsina tun 2021.

Hatsi kada ka tara shi rumbu ɗaya. Wuta ɗaya ke cinye noman shekara. Da an yi girbi, a sussuke wani kaso a kai gari wurin wanda aka amince da shi. In lafiya aka yi, abinka yana nan, ka ma same shi lokacin da ya yi tsada. Hakan kuma yana sauƙaƙa saukarku in ta kama. Mutum goma sha su faɗo wa mai albashi ɗaya ba komai a hannu, ko ɗan'uwa ne sai fuska ta canza bayan sati. Zumunci a ƙafa yake, ka riƙa zuwa tun babu buƙata. Dabbobi kuwa magana ɗaya ce: an kore, an kore. Ba a komawa kwance akuya, ba a bin sawun shanu cikin Rugu da dare. Mun yi jana'izar mutanen da suka riga suka tsira, suka juya saboda sa ɗaya.

Ba yau ƙasar nan ta fara kwana da ido ɗaya ba. A ƙarni na 19, bayan jihadi, da tsohuwar sarautar Katsina ta koma Maraɗi, hare-hare sun yi ta ratsowa ta wannan yanki, ƙasar Ruma tana bakin gaɓa. Mutanen lokacin ganuwa suka yi wa garuruwansu, kuma ba mai gida ɗaya ke gina ganuwa ba, aikin gayya ne. Kai ma shirinka ba zai tsaya a zaurenka ba. Ku zauna da mai unguwa da liman ku san alamar da za a yi in an ga abin da ba a gane ba, ku san gidan da babu namiji, da makahon da ke kwana shi kaɗai, da almajiran da iyayensu ke nesa. Ku riƙe lambar jami'an tsaron da ke kusa, har da 'yan rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Amma ka ja kunnen ƙannenka. Tsare gari daban, ɗaukar fansa daban. Tare Bafillace a kasuwa don kawai Bafillace ne zalunci ne, kuma sau nawa aka yi haka, kwana kaɗan wani ƙauye da bai san hawa ba bai san sauka ba ya biya? Maƙwabcinka na ruga da kuka tashi tare, shi ma an kore masa shanu, kuma ya fi ka jin motsin daji.

Akwai wadda ba na son faɗa, amma dole. In Allah ya ƙaddara aka ɗauki wani a gidan, mutum ɗaya ne zai riƙa amsa waya, mai sanyin rai wanda ba ya saurin alkawari, kuma tun yau za a san ko wane ne. A sanar da hukuma. Kada kowa ya riƙa faɗin abin da gidan ya mallaka, ko da wasa. Wanda ya dawo kuma a kai shi asibiti, a bar shi ya huta da 'yan tambaya. Mace musamman: ba ita ta kai kanta ba, kada a bari bakin mutane ya ƙarasa abin da daji ya fara.

Ɗakin da ke bayan zaurena babu kowa a ciki, na sa an gyara rufin. Bayan girbin nan ka aiko da buhu biyu na gero da ɗaya na wake a jingine a can. Idan za ka zo, ka taho da takardun gonar da katunan yaran a yi musu kwafi, ka kuma taho da uwargida, don ita zan damƙa wa makullin. Ka gaida tsohuwa, ka ce mata jikokinta suna ta tambayar yaushe za ta zo.