Abin Awon Jinin da Aka Jefar a Juji

Wata huɗu ke nan da sallamar yaron, amma har yau in na wuce ta bayan ƙaramin asibitin kuɗi na ga juji sai raina ya ɓaci. Na yi ta ɗaga wannan rubutu don ina jiran fushin ya huce, bai huce ba.

Shekararsa uku da 'yan watanni. Cikin bazara aka kawo shi, uwarsa ta goyo shi ta lulluɓe masa kai da mayafi, kakarsa na biye da leda cike da kwalaben magani. Da aka sauke shi a gadon gwaji sai ya dunƙule, ya cusa fuska cikin katifa, gwiwoyi a ƙirji. Ko kaɗan ba ya son haske. Kuka yake yi ƙasa-ƙasa ba ƙaƙƙautawa, irin na yaron da kukan ma ya gajiyar da shi. Rigarsa sharkaf da gumi. Uwar ta ce wata biyu ke nan rabonsa da barcin dare, ya daina tafiya, ya daina wasa, abinci sai ɗura.

Na buɗe tafin hannunsa. Jajir, a kumbure, sanyi ƙalau, fatar yatsu tana saɓewa kamar wanda ya wuni da hannu cikin ruwan wanki. Tafin ƙafa ma haka. Yana ta murza hannuwan da juna yana cizonsu. Dasashi ya kumbura, yawu na dalala, haƙora biyu na girgiɗa, ga yaron da bai ko kusa famfara ba. Zuciya na bugawa 150 a minti ɗaya, kuma babu zazzaɓi. Na sa nas ta nemo ƙaramin maɗauri muka auna jininsa, 140 bisa 100. Na ce a sake, aka sake sau uku, bai sauka ba.

Na zazzage ledar kakar a kan tebur. Maganin zazzaɓin cizon sauro kashi uku, ba a taɓa yi masa gwaji ko sau ɗaya ba. Kwalaben allurar seftiriyazon guda shida da mai kemis ya yi masa a shago. Maganin ƙaiƙayi, maganin tsutsar ciki, wani ruwan maganin haƙori, da wani baƙin tsimi a robar lemo wanda babu rubutu a jikinsa. Mai kemis ya ce sanyi ne. Wani mai magani ya ce iska ce, ya ba da turare ya ce a rufe ƙofa da taga a yi masa hayaƙi safe da yamma. Wata biyu cur yaro na hannun mutanen nan, kowa na karɓar kuɗi, babu wanda ya ce wannan ya fi ƙarfina, ku tafi asibiti. Ban ga laifin kakar ba, ta sayar da akuyarta a kan jikanta. Laifin yana kan wanda ya san bai sani ba, ya zuƙi allura.

Mu ma ba a take muka gane ba. Na yi tunanin cutar Kawasaki, rashin zazzaɓi ya kore ta. Hawan jini da gumi da bugun zuciya suka kai ni ga ƙarin nan da ke fitowa a saman ƙoda, aka yi hoto ba a ga komai ba. Sai a dare na biyu wani shafi da na karanta tun ina ɗalibi ya faɗo mini: akurodiniya, gubar zaiba a jikin ƙananan yara. Tunda na fara aiki ban taɓa ganinta da idona ba. A Ingila da Ostareliya ta yi ta cin yara a farkon ƙarni na 20, likitoci suna ta kame-kame, har sai a 1948 Warkany da Hubbard suka samu zaiba a fitsarin masu cutar. Ashe hodar haƙori da iyaye ke shafa wa jarirai a dasashi ce ke ɗauke da ita. Da aka cire zaibar daga hodar a 1954, cutar ta kusa ɓacewa. Hotunan littattafanmu duk na 'ya'yan Turawa ne, jan fatar a fili yake. A jikin namu yaran sai ka buɗe tafin hannu da na ƙafa ka duba da kyau.

Na koma wurin uwar. Maigidanki yana zuwa haƙar zinare? A'a, dako yake yi a kasuwa. Kina shafa man bilicin? Ta miƙo mini hannayenta in gani. Ma'aunin zafin jiki ya taɓa fashewa a ɗakinku? Ba ta taɓa mallakar irinsa ba. Na nuna mata hoton zaiba a wayata, ta yi jim, ta ce ba ta tuna ba. Yayan yaron, ɗan shekara goma sha ɗaya da ya kawo abinci a kula, shi ya leƙo ta bayan kafaɗarta ya ce, "Likita, ai muna da irin wannan ruwan azurfar a gida."

Yayan yana bin juji bayan Islamiyya, yana tsinto ƙarafa da robobi ya kai wa 'yan gwangwan. Wata rana ya tsinci dogon akwatin ƙarfe a jujin bayan wani asibitin kuɗi a unguwarsu, tsohon abin awon jini ne mai gilashi a tsaye. Ya kawo gida, ya sa dutse ya fasa don ya cire ƙarfen. Ruwan azurfa ya tsiyayo a tsakar ɗaki ya watse. Yara suka yi ta wasa da shi a murfin gwangwanin madara, suna tura shi da tsinke suna dariya in ya rabu ya sake haɗewa. Da yamma uwar ta sa tsintsiya ta share. Uban ya tattara ragowar a wata 'yar kwalbar man shafawa ya cusa ƙarƙashin katifa, saboda ya ji ana cewa akwai masu sayen zaiba da kuɗi mai tsoka.

Washegari muka je gidan ni da wani dubagari. Ɗaki ɗaya ne, rufin kwano ba silin, taga ɗaya an toshe ta da kwali saboda sauro. Muka naɗe ledar ɗakin. Na kashe fitila, na kwantar da tocila a ƙasa ta haska simintin a gicciye. Duk wata tsaga da ke cikin simintin nan tana ƙyalli, ƙwayoyi ƙanana kamar gero, wasu ma ba su kai ba. Tsintsiyar ma tana ƙyalli. A daidai nan shimfiɗar yaron take. Wata biyu yana kwana da hancinsa a kan wannan siminti, cikin zafin Maris da Afrilu, kuma sau biyu a rana a rufe ƙofa a kawo garwashi a yi masa turare a wurin. Uban ya ɗago katifa ya miƙo mini kwalbar, murfinta ko ɗauruwa ba ya yi. Ya ce, "Likita, wallahi ko wari ba ta yi." Na ce, Malam, ai da tana wari da ɗanka bai kai haka ba.

Tururin zaiba ba shi da wari, ba shi da launi. Wadda aka haɗiye kusan duka takan fita ta bayan gida, amma wadda aka shaƙa, kusan kashi 80 cikin 100 na shiga jini ta wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda. Zafi na ƙara tayar da tururin. Tsintsiya kuwa farfasa ƙwaya ɗaya take yi ta zama ɗari, kowacce na fitar da nata. Ma'aunin zafin jiki yana ɗauke da kamar giram ɗaya. Abin awon jini irin wanda yayan ya fasa yana ɗauke da giram 80 zuwa 100.

Muka tara fitsarin awa 24 muka aika Legas, sakamako ya yi mako biyu kafin ya dawo. Ban jira shi ba, na sa a kwashe iyalin daga ɗakin a ranar. Sakamakon ya tabbatar, kuma na yayan da na uwar ma sun hau, duk da su ba su nuna alama ba. Haka cutar take, ba kowane yaro da ya shaƙa ke yin ta ba, shi ya sa 'yan uwa ke gardama suna cewa ai duk ɗaki ɗaya suke kwana. Neman sakisima ya ci mana fiye da mako, maganin da ƙungiyar likitocin MSF ta yi wa yaran Zamfara amfani da shi a lokacin gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara kusan 400. Ya sha na kwana 19, muka huta, muka sake. Gumin ne ya fara raguwa, sai barci ya dawo, sai jini ya sauka. Ranar da ya kama ƙarfen gado ya miƙe tsaye, kakarsa ta fita baranda ta yi kuka. Haƙoran nan biyu dai sun fita. Har yanzu yana da saurin fushi, maganarsa ta ja baya, muna bibiyarsa wata-wata.

Na je asibitin kuɗin da aka tsinci akwatin a bayansa. Mai wurin ya karɓe ni da fara'a, ya ce ai sun daina amfani da irin waɗannan, sun sayi na batir, shi ya sa ya ce wa mai shara ya fitar da tsofaffin. Na tambaye shi ko ya san abin da ke ciki. Ya ce ya sani, amma ai kaɗan ce. Mutum ne da ya yi karatun lafiya, yana da lasisi a bango. Na zagaya baya na ga ramin da suke ƙona shara: sirinji da allurai, audugar jini, robobin ƙarin ruwa, kwalaben magani da ya lalace, duk wuri ɗaya, ba shinge, awaki na kiwo a gefe. Na tambaye shi guda nawa aka fitar. Ya ce uku.

Sauya na'urar daidai ne, abin da ake so ke nan. Yarjejeniyar Minamata, wadda aka amince da ita a Japan a 2013 ta fara aiki a 2017, Najeriya kuma ta tabbatar da ita a 2018, ta sa 2020 a matsayin wa'adin daina ƙerawa da shigo da ma'aunin zafin jiki da abin awon jini masu zaiba. Sunan ya samo asali daga garin da kamfanin Chisso ya yi shekaru yana zuba ruwan masana'anta a teku, mutane suka ci kifi suka nakasa, aka gano cutar a 1956. To ga shi muna sauya na'urori a asibitoci da kemis-kemis, kuma tsofaffin suna fita ta ƙofar baya. Duk wanda ya sayi na batir, ina tambayarsa, ina tsohon?

Abokan aiki, ba a jefa zaiba a kwandon shara. Ba a ƙona ta, ko a rami ko a injin ƙona shara, domin wuta ba ta kashe ta, iska kawai take mayar da ita unguwa ta shaƙa. Ba a zuba ta a kwata ko masai. Ba a bai wa baban bola. Na'urar da ba ta fashe ba a naɗe ta, a sa a roba mai murfi da ba ta shan iska, a rubuta a jiki, a kulle a ɗakin ajiya mai sanyi nesa da marasa lafiya, a sanar da hukumar muhalli ta jiha ko NESREA. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce kamar ta gida, kashi 15 ne masu haɗari. Raba kashi 15 ɗin nan bai fi ƙarfin kowa ba. Baƙar leda, rawaya, ruwan ƙasa, kwalin allura, duk an koya mana, lalaci ne kawai. Kuma mai sharar da kuke biya abin da bai taka kara ya karya ba, ku saya masa safar hannu, ku gaya masa abin da yake ɗauka.

In ta zube a gida, a fitar da yara da masu ciki, a buɗe taga, a rufe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna. Kada a sa tsintsiya. Kada a goge da tsumma. A cire zobe da awarwaron zinare kafin a taɓa, zaiba na kama zinare. A sa safar hannu, a tattara ƙwayoyin da kwali mai kauri, a zuƙe da sirinji marar allura, ƙananan a ɗauke su da salatef, a barbaɗa garin farar wuta a tsagogi in akwai. Tabarma, kafet, katifa ko tufafin da ta taɓa ba sa wankuwa, a ƙulle su a leda biyu, kuma kada a ƙona su. Na sake faɗa, kada a sa tsintsiya. A gidan nan sai da muka sa aka fasa simintin aka kwashe.

Masu ƙona zaiba da zinare a cokali cikin gida, a kan murhun da ake dafa wa yara tuwo, ku ma da ku nake. Masu man bilicin da ba a rubuta abin da ke ciki ba kuma suna shayarwa, haka. Dogon ƙwan fitila in ya fashe a buɗe taga. Zancen cewa zaiba za ta mayar da kai attajiri ƙarya ce, kada ka ajiye ta ƙarƙashin katifarka.

Masu kemis, yaron da ya yi mako biyu bai ji sauƙi a hannunku ba, ku tura shi. Ba za ku talauce ba don kun rasa cinikin allura shida. Mu kuma likitoci, mu riƙa auna jinin yara. Yaro mai rigima, mai gumi, mai gudun haske, ba zazzaɓi, a buɗe tafin hannunsa, a tambayi sana'ar uba, a tambayi abin da yayyensa ke tsintowa. A tambayi yaran gidan da kansu, su suka san abin da ke ƙasan ledar ɗaki.

Na'urori uku aka fitar daga asibitin kuɗin nan, ɗaya muka samu. Ni da dubagarin mun zagaya wuraren 'yan gwangwan biyar a unguwar da hoton akwatin a waya. Wani dattijo mai awon ƙarfe ya kalli hoton ya ce ya taɓa sayen irinsa wajen wani yaro kwanakin baya, amma babu gilashin a ciki lokacin da aka kawo masa. Na bar masa lambar asibiti, na roƙe shi in yaron ya dawo ya tambaye shi a wane gida aka fasa.