Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Tafiyar Ƙasa da Bakin Abokai

Wanda aka rage wa tumbi a Abuja ko Masar ya dawo Gummi, Anka ko Bukkuyum, majalisa ce za ta fara ba shi wahala. A wurinmu teɓa alamar hutu ce, rama kuwa ciwo ko talauci. Za ka ji: “Alhaji, lafiya kake zubewa haka?” Wani ya tura maka ƙwaryar fura, ya yi fushi don ka kurɓa sau biyu ka ajiye.

Kada ka tsaya dogon bayani. Ka ce, “Umarnin likita ne, Malam, ka sa ni a addu'a.” Tumbin ya ƙanƙance, in ka cika shi don kunyar aboki, kai za ka yi aman. Mai zolayar da ya ƙi bari, ku tsaya a gaisuwa.

Motsa jiki kuwa, tafiyar ƙasa ta isa da farko: minti goma bayan asuba, kana ƙarawa a hankali har ka kai minti 150 a mako, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Cikin gari za ka zaga, ba hanyar daji ba; kowa ya san halin rashin tsaron da ake ciki. Hajiyar da aka yi wa aikin ma tsakar gida ya ishe ta. Ban da ɗaukar buhu ko jan guga sai likita ya yarda, yawanci bayan mako 6. Ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, musamman da bazara.

Ka riƙa zuwa Gusau ko Sakkwato gwajin jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12 na biyo bayan wannan aiki.