Ga sabon injiniyan layin harhaɗa kaya: ka gyara tsari kafin ka zargi hannu

A masana'antar harhaɗa wayoyi, motoci ko na'urorin asibiti, nauyin da ke kan injiniyan tsarin aiki shi ne kaya na dubu ya fito daidai da na farko. Idan yanzu ka kama wannan aiki, ga shawarata.

Ka bar ofis, ka je bakin layi. An san Taiichi Ohno na kamfanin Toyota da tsayar da matasan injiniyoyi wuri ɗaya a cikin masana'anta, su yi ta kallo har su gano inda lokaci ke zurarewa. Gani ya kori ji. Ka lura da wadda ke miƙa hannu nesa kafin ta ɗauko noti, da wanda ke tsaye yana jiran na gabansa. Ka tambaye su cikin ladabi, domin sun riga ka sanin inda aikin ke cije musu.

Sannan ka yi lissafin lokaci. Awa bakwai da rabi na aiki daƙiƙa 27,000 ne. In ana son kaya 450 a yini, dole ɗaya ya fito duk daƙiƙa 60. Teburin da ke cin daƙiƙa 75 shi ya riƙe layin gaba ɗaya, kuma tsawa ba za ta rage masa ko daƙiƙa ɗaya ba. Ka ɗebe masa wani ɓangare na aikin ka kai teburin da ke da sarari.

In kuskure ya yi ta maimaituwa, kada ka tsaya ga cewa a kula. Shigeo Shingo ya koyar da a tsara aiki yadda kuskuren ba zai yiwu ba, abin da Japanawa ke kira poka-yoke. Ka sa a ƙera mazauni wanda allon lantarki ba zai zauna a cikinsa a juye ba. Ka nemi sukudireba mai ƙirga sukurori, wadda ba ta barin kaya ya wuce sai kowanne ya ɗauru daidai ƙarfin da aka ƙayyade.

Ka ji tsoron abin da ido ba ya gani. Wutar da ke taruwa a jiki saboda gogayyar tufafi, mutum ba ya jin tartsatsinta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da 100 na iya lalata wasu ƙananan sassan lantarki. Busasshiyar iska irin ta hunturu tana ƙara ta. Saboda haka a gwada igiyar wuyan hannu mai sauke wannan wuta daga jikin kowane ma'aikaci kafin a fara aiki, kullum.

Duk gyaran da za ka yi, ka canza abu ɗaya, ka auna, ka rubuta. In ka taɓa uku a tare, ba za ka san wanne ya yi magani ba.

Mafi muhimmanci, ka ba kowane ma'aikaci ikon tsayar da layi da zarar ya ga aibi, kamar yadda ake yi a Toyota, kuma ka gode masa a gaban jama'a. Ranar da ka tsawata wa wanda ya faɗi gaskiya, daga ranar za a fara ɓoye maka ɓarna, sai ta isa hannun mai saye.