Yadda ake tantance takardar bayanin ɗan aiken kwamfuta kafin a miƙa masa rumbun muƙaloli

Ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko malami a jami'ar karatu daga gida da ke Jabi, kafin ya kammala kundinsa ya tara muƙaloli rututu. Wasu na ajiye su a Zotero, manhajar kyauta da ta fito daga Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, wasu a Mendeley, wadda kamfanin Elsevier ya saya a 2013. Tun da Anthropic ya fitar da tsarin MCP a Nuwamban 2024, ƙananan manhajojin da ke haɗa irin wannan rumbu da ɗan aiken ƙirƙirarriyar basira suka cika shafin GitHub. Ka ba da umarni ɗaya, ɗan aiken ya nemo, ya jera, ya gyara, wani lokaci ma ya goge.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, bayanin da aka rubuta a kan kowane aiki ba kai kaɗai kake karanta shi ba. Shi ma ɗan aiken da shi yake zaɓar abin da zai yi. In bayanin ya zo a dunƙule, sai ya cike giɓin da zato.

Fara da jerin ayyukan. Ɗauki biro ka raba su gida biyu: masu dubawa kawai, da masu taɓa kayanka. Nemo muƙala dubawa ne. Canja suna, haɗe kwafi biyu, sauya babban fayil da gogewa duk taɓawa ne. Idan takardar ba ta ba ka damar yin wannan rabon cikin sauƙi ba, ta riga ta faɗi rabin jarrabawa.

Daga nan ka tsaya a kan gogewa, domin nan ake kuka. A Zotero, abin da ka goge da hannunka yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi, sai dai in ka canja saitin. Manhajar waje kuwa tana iya jefa shi kwandon, tana kuma iya share shi har abada. Takarda mai kyau za ta faɗa maka wanne take yi, ta kuma ce ko za a nemi izininka tukuna. Haɗe kwafi ma haka: in aka haɗe bugu na farko da na biyu na littafi ɗaya bisa kuskure, raba su aiki ne ja. Layi ɗaya da ya ce "yana tsabtace rumbunka" bai isa a ba shi amana ba. Tsabtacewa da me? Me ya ɗauka a matsayin datti?

Sai batun makulli. Zotero na ba ka damar yanka makullin shiga na karatu kawai, ko na karatu da rubutu. Duba wanne manhajar ke nema, da dalilinta. Wadda aikinta bincike ne kurum amma tana neman izinin rubutu, ni dai ba na ba ta.

Ka nemi inda aka faɗi wurin da takardunka ke zuwa. A kwamfutarka ake karanta su, ko ana tura su wani kamfani a ƙetare? Ga mai ajiye hirarrakin da ya yi da mutane a Karu ko Nyanya a cikin rumbun, wannan ba ƙaramar magana ba ce, don Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafe shi. Akwai kuma kuɗin data, da ranar da wuta ta ɗauke intanet ya bi ta.

Yanzu gwaji. Rufe Zotero, ka kwafe babban fayil ɗinta gaba ɗaya zuwa filashi. Sannan ka ware muƙaloli kaɗan a wani rukuni na daban, ka bi misalan takardar harafi da harafi. Nemi aikin Abdulƙadir Ɗangambo da ɗ mai lanƙwasa, ka sake nema da d zalla, ka ga ko sakamakon ɗaya ne. Mai yiwuwa masu rubuta waɗannan manhajoji ba su taɓa tunanin ƙ da ɓ ba. Ba ɗan aiken tsohon kundin da aka ɗauka da na'urar hoto, wanda shafukansa hotuna ne ba rubutu ba. Sannan ka tambaye shi muƙalar da ka san babu ita. Ya kamata ya ce babu, kuma takardar ta riga ta nuna maka saƙon da za ka gani. In ya ƙago maka suna da shekara, kada ka bar shi kusa da kundinka.

Kafin ka rufe shafin, dubi ranar da aka yi wa takardar gyara na ƙarshe da samfurin da ta ambata. Zotero 7 ta fito a Agustan 2024, kuma ƙarin manhajoji na tsohon samfuri sai da aka sabunta su kafin su yi aiki da ita. Leƙa kuma wurin da masu amfani ke kai ƙorafi a GitHub, ka ga ko ana ba su amsa.